Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ministocin kamun kifi: mamarin manyan jirage zai ƙarar da kifin shak a bakin teku

Assalamu alaikum. Masu girma ministocin kamun kifi na ƙasashen da ke da gaɓar teku, da shugabannin hukumomin da ke sa hannu a lasisin jiragen kamun kifi, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙo.

Ni dai ba masani ba ne, ban taɓa zama ajin kimiyyar teku ba. Lebura ne ni, na yi shekara 4 a saman jirgin 'yan kasuwa irin mai zuba mamari don kama kifin shak, har yau tabon igiya na nan a tafin hannuna. Ina magana ne da yawun mutane iri biyu. Akwai ƙananan masunta masu kwalekwale da ke fita da asuba su dawo da abin da bai kai kuɗin man da suka ƙona ba, akwai kuma leburorin jirgi irina da suka ga abin da ake yi a tsakiyar dare amma ba su da bakin faɗa saboda tsoron kora. Abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan shi ne shekara na zagayowa ana sabunta wa jiragen nan lasisi kamar ba abin da ke faruwa, alhali tun 1999 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da tsarin kare shak wanda ƙasashe suka amince kowacce za ta je ta yi nata a gida, yau sama da shekara 25 kenan, kuma kisan bai ragu ba.

Bari in fara da bayanin abin, don na lura da yawa cikin masu sa hannu ba su taɓa ganinsa da ido ba. Mamarin teku igiya ce guda ɗaya doguwa, ana ɗaura mata ƙananan igiyoyi a jere, kowacce da ƙugiya da ɗan kifi a maƙale. Na can tsakiyar teku yana iya kai kilomita 100 da ƙugiya wajen 3,000. Na bakin gaɓa, wanda ake kwantar da shi a ƙasan ruwa da nauyi, bai kai haka ba, amma shi ma kilomitoci ne da ɗaruruwan ƙugiyoyi. Mu da yamma muke zubawa, a bar shi ya kwana, gari na wayewa inji ya fara ja. Ƙugiya kuwa ba ta san lasisi ba, ba ta karanta doka, duk abin da yunwa ta kawo shi shi ke nan.

Kukana na farko shi ne wurin da ake zuba shi. Ranku ya daɗe, ruwan bakin gaɓa ɗakin haihuwa ne. Shak iri-iri, musamman mai kan guduma, matansu kan shigo ruwa marar zurfi, bakin koguna da lungunan da itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, su haihu a can, 'ya'yan su zauna har su yi ƙwari kafin su fita. Masu jirgi sun san haka sarai, sun ma fi malaman jami'a sanin wata da mako, shi ya sa suke zuwa daidai lokacin. Ba zan manta wata safiya ba, muka jawo wata mai kan guduma ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ta riga ta mutu a ƙugiya, da aka farke ta sai ga 'ya'ya suna zubowa a daɓen jirgi, kowanne da ɗan kansa mai faɗi kamar uwar, sun gama haɗuwa tsaf saura fitowa. Na ƙirga har 20 na daina. Aka ce in sa tiyo in wanke su zuwa ruwa, na wanke. A littafin jirgi kuwa kifi ɗaya aka rubuta.

Wanda bai san shak ba zai ce ai kifi ne, teku kuma ba ta ƙarewa. To ba haka yake ba. Macen kifin tuna kan zuba ƙwai miliyoyi. Shak kuwa yawancinsu ciki suke ɗauka su haifi 'ya'ya ƙalilan, ga jinkirin balaga. Wanda ake kira mako, macensa sai ta doshi shekara 20 kafin ta fara haihuwa, cikin kuma wata 15 zuwa 18, ta haihu ta huta, sai bayan shekara 3 ta sake. Akwai wani ƙaramin iri mai ƙaya a baya da cikinsa kan kai kusan shekara 2. Dabba mai irin wannan haihuwar in ka kashe uwa ka kashe zuriya, kuma ba a shekara 5 ko 10 za ta dawo ba. Ku duba abin da ya faru da mako ɗin arewacin Atlantika. Tun 2017 masana kimiyyar hukumar ICCAT, wadda ke kula da tuna a wannan teku, suka ce a daina riƙe shi kwata-kwata, aka yi ta ja-in-ja a taro sai 2021 aka amince, alhali lissafin masanan ya nuna ko da an daina kashe ko guda ɗaya adadinsa zai ci gaba da raguwa har 2035. Ihu bayan hari kenan.

Sai maganar da ta fi ci min rai, wato dokar yanke fiffike. Kowa ya san labarin, a kama shak a yanke fiffikensa a jefa shi ruwa da ransa ya nitse, saboda fiffiken shi ne mai tsada a kasuwar miya ta gabashin Asiya, Hong Kong ce babbar matattara. Duniya ta yi ca, aka yi dokoki, Amurka ta hana a 2000, ICCAT ta hana a 2004, ƙasashe da yawa suka bi. Madalla. Amma me dokar ta hana? Ta hana zubar da gangar jiki, ba ta hana kisa ba. Da aka ce dole ka kawo kifin gaba ɗaya tasha, sai 'yan kasuwa suka ce to ai shi ke nan, bari mu nemo wa naman kasuwa, suka kuwa samu. Yau Barazil na cikin manyan masu shigo da naman shak, ana sayar da shi da wani suna daban har mai saye bai san abin da ya saya ba, Sifaniya na cikin manyan masu fitarwa, hanta ana tatse mai a kai masana'antar kayan shafa, fata da guringuntsi duk da masu saye. Jirgin da a da fiffike kawai yake nema yanzu ko'ina na jikin kifin kuɗi ne. Binciken da Boris Worm na jami'ar Dalhousie a Kanada da abokan aikinsa suka fitar a mujallar Science a 2024 ya nuna daga 2012 zuwa 2019, shekarun da dokokin fiffike suka fi yawaita, shak ɗin da ake kashewa a shekara ya tashi daga aƙalla miliyan 76 zuwa miliyan 80, wajen miliyan 25 daga ciki irin waɗanda ke fuskantar ƙarewa ne. Abin da ya fi shafarku kuma, a can tsakiyar teku kisan ya ragu da kashi 7, a ruwan bakin gaɓa ya ƙaru da kashi 4. Wato inda ikon yake hannunku kai tsaye, ba hannun wani taron duniya ba, nan ne abin ya ƙara lalacewa. Don kar in yi rashin adalci, ba mamari kaɗai ke wannan ɓarnar ba, raga mai shaƙe kifi da jiragen da ke jan raga a ƙasa suna da nasu kason, amma ni abin da hannuna ya ja shi zan ba da shaida a kai.

Ita kanta dokar fiffiken a wurare da yawa ɓaraka gare ta. An ce za ka iya yanke fiffike a jirgi muddin nauyinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin gangar jikin da ka kawo ba. Wallahi duk wanda ya taɓa aiki a jirgi dariya wannan ke ba shi. Ka ajiye fiffiken iri mai tsada ka jefar da jikinsa, ka cike lissafi da jikin wani iri, fiffike a buhu jiki a firiza, wa zai zauna a tasha ya haɗa wannan da wancan? Kifin da aka cire wa kai da fiffike da fata ko malamin kifi sai ya yi gwajin ƙwayar halitta kafin ya ce ga irinsa, balle ma'aikacin tasha da ya zo da biro da takarda rana na dukansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tarayyar Turai ta gane haka, a 2013 ta ce a kawo kowane shak da fiffikensa a jikinsa yadda Allah ya halicce shi. Me ya hana sauran?

Wani zai ce ai akwai jerin waɗanda aka hana kamawa, in an kama a sake su. Ranku ya daɗe, sakin gawa ake yi. Mai kan guduma da ire-irensa sai suna tafiya ruwa ke ratsa su su yi numfashi, in suka kwana a ƙugiya suna fizga galibi kafin safiya sun mutu, wanda ma ya zo da sauran rai ana yanke igiya ya tafi da ƙugiya da waya a baki. Tun 2019 hukumar IUCN, mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa manyan masu kan guduma iri biyu a matakin ƙarshe kafin ɓacewa. Kuma dokar a saki ba ta amfani in an bar igiya ta yi awa 10 ko 12 a ruwa. Ga kuma waya. Jirgin da ya ce shi tuna yake nema amma ya sa wayar ƙarfe a wuyan ƙugiya maimakon zaren roba, to shak yake nema, don zaren roba shak kan datse shi da haƙori ya tsere, waya kuwa ba ya iyawa. Mu da muka ɗaura wayar nan da hannunmu mun san dalilin ɗaura ta. Kififiyar teku ma ba ta tsira ba, sau nawa muna jawo ta ta shaƙe, a ture ta da ƙafa a ci gaba da aiki.

Sa ido kuwa, a gaskiya babu. A manyan hukumomin tuna abin da aka daɗe ana nema daga jiragen mamari shi ne ɗan sa ido a kashi 5 cikin 100 na aikinsu, saura 95 kyaftin ne zai rubuta abin da ya ga dama. An ba kura ajiyar nama. A shekara 4 ɗin da na yi ban taɓa kwana jirgi ɗaya da ɗan sa ido ba. Na sha ganin muna dosar gaɓa da daddare a kashe na'urar da ke nuna inda jirgi yake, a rage fitilu, mu zuba igiya a ruwan da ko ni lebura na san na masu kwalekwale ne, kafin asuba mun ja mun fice, a kunna na'ura kamar ba a yi komai ba. Wani lokacin kayan ma ba sa zuwa tashar ƙasar da aka kama su, a tsakiyar ruwa ake juye su cikin babban jirgin sanyi. Ba ƙage nake ba, duniya ta ga misali a watan Agusta 2017 lokacin da sojojin ruwan Ekwado suka tare jirgin Fu Yuan Yu Leng 999 a cikin ruwan tsibiran Galapagos da aka keɓe don kare halittu, cikinsa tan wajen 300 na kifi, shak sama da 6,000, shi kuma ba ma jirgin kamun kifi ba ne, na dako ne, daga wasu jiragen ya karɓa. Wannan an kama shi ne saboda ya ratsa ta inda ake kallo.

To wa ke ɗaukar asarar? Ku zo bakin ruwa ku tambayi mai kwalekwale. Igiyar babban jirgi ta bi ta kan ragarsa ta kekketa, ba shi da lambar jirgi ba shi da hoto, ƙara wajen wa? Dattijan masunta za su lissafa maka irin kifayen da suka saba gani suna yara waɗanda jikokinsu ko a mafarki ba su san su ba, kamar mai baki irin zarto da ya ɓace daga yawancin gaɓar Afirka ta Yamma. Ba tatsuniyar tsofaffi ba ce. Wani bincike a mujallar Nature a 2021 ya nuna shak da danginsa na buɗaɗɗen teku sun ragu da kashi 71 tun 1970. Wani kuma a 2020 ya sa kyamara a duwatsun murjani 371 a ƙasashe 58, kusan ɗaya cikin biyar ba a ga shak ko guda ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan nau'o'in shak da danginsu yanzu suna jerin masu fuskantar ƙarewa. Halittar da ta yi sama da shekara miliyan 400 a ruwa, ta riga itatuwa zuwa duniya, mu a shekara 50 mun kai ta nan. Kuma shak makiyayi ne a ruwa, shi ke hana wasu yin yawa su cinye na ƙasa da su. A Shark Bay ta Ostireliya masana sun daɗe suna nuna yadda tsoron shak ke hana kififiya da sauran masu kiwo zama wuri ɗaya su cinye ciyawar ƙasan ruwa, ciyawar da ƙananan kifaye ke girma a cikinta. Na san akwai masu cewa mugun kifi ne mai cin mutane gara a rage shi. Mutanen da yake kashewa a duk duniya a shekara galibi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, sai ku ajiye wannan kusa da miliyan 80.

Mu leburori kuma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Awa 16, 18 a tsaye, igiya na gudu da ƙarfin inji. A gabana ƙugiya ta shiga hannun wani yaro ta fita ta baya, aka yanke ta da filaya aka ɗaure da tsumma, bai ga likita ba sai bayan sati 3 da muka shiga tasha, yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Fiffiken ƙanana a wasu jiragen ma shi ake ba leburori a matsayin ihsani don a rufe musu baki, kun ga an mayar da mu abokan laifi.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma duk abubuwa ne da wasu suka riga suka yi, ba daga sama na ɗauko su ba.

Ku ja layi daga gaɓa wanda mamarin 'yan kasuwa ba zai tsallako ba, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin lasisi. Ku zauna da masana da dattijan masunta su nuna muku wuraren haihuwa da watanninta a rufe su, su dattijan sun san wuraren ba sai an kashe kuɗin bincike mai yawa ba. Bahamas ta hana mamari a ruwanta tun 1993, a 2011 ta hana kasuwancin shak gaba ɗaya, yau tana cikin wuraren da shak ya fi yawa a yankinta, mutane na biyan kuɗi su je su nitse su kalle shi. Ƙasar Palau da ke tekun Fasifik ita ma ta hana 'yan kasuwa kamun shak a 2009. Ban ce kowace ƙasa za ta iya rayuwa da 'yan yawon buɗe ido ba, ba kowa ke da ruwa garai-garai irin nasu ba, amma dai sun nuna in aka cire igiyar kifin na zama.

Ku sa iyaka ga adadin da za a kashe, iri da iri, ba a dunƙule a ce shak kawai ba. In aka cika adadin a rufe kakar. Wannan shi ne abin da dokar fiffike ta tsallake, kuma in ba a yi shi ba sauran duk kwalliya ce.

Ku soke lissafin kashi 5, kowane shak ya iso tasha da fiffikensa a jikinsa. Ku hana wayar ƙarfe a wuyan ƙugiya, hukumar da ke kula da tuna a yammaci da tsakiyar Fasifik ta hana a babban ɓangaren ruwanta daga 2024, jiragen ba su daina aiki ba. A ƙayyade awannin da igiya za ta yi a ruwa. Jirgin da ba zai ɗauki ɗan sa ido ba a kafa masa kyamara da mai jirgi ba shi da makullinta, wanda kuma na'urarsa ta mutu daidai lokacin da ya doshi gaɓa ya zo ya yi bayani kafin ya sake fita, in ta maimaita a karɓe lasisin. Tarar da ba ta kai ribar dare ɗaya ba kuɗin shiga ce kawai, masu jirgi na sa ta cikin lissafi tun kafin su tashi. A hana juye kaya a tsakiyar ruwa. Ƙasar da ba ta shiga yarjejeniyar binciken jirage a tasha ba, wadda ta fara aiki a 2016, ta shiga, wadda ta shiga kuma ta ba ma'aikatan tasha horo da kayan aiki su iya bambance iri.

A taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wanda aka yi a Panama a Nuwamba 2022 kun ɗaga hannu an sa dangin shak sama da 50 a jerin waɗanda ba a fitar da su sai da takardar shaida cewa cinikin ba zai cutar da irin ba. Muna roƙon kar a sa hannu a wannan takarda sai da lissafi na gaskiya a ƙasa, in babu lissafi a dakatar da fitarwa har a samu. Ku wallafa sunayen jiragen da kuka ba lasisi da ainihin masu su, ba sunan kamfanin da aka buɗe jiya da tutar aro ba. Tallafin man da ake ba manyan jirage, wanda shi ke sa su iya yin sati da sati suna neman ɗan abin da ya rage, a juya shi ga masu kwalekwale da za a ce su ma su bar wuraren haihuwa, don ba adalci ba ne ka ce wa mai iyali ya ajiye ƙugiya ba ka ba shi abin riƙewa ba, in kuka yi haka da daddare zai koma kuma ba zan ga laifinsa ba.

Na ƙarshe, ku buɗe wata hanya da lebura zai kai rahoto ba tare da sunansa ya koma kunnen kyaftin ba, lambar waya ce ko ofishi a wajen tasha, ba a cikinta inda kowa ke ganin mai shiga ba. Akwai yara a jiragen nan yanzu haka da hotuna da bidiyo cike da wayoyinsu, da rana da wuri, sun rasa wanda za su miƙa wa. Ni ma ina da nawa, in an kafa kwamitin da zai saurara zan zo da su da ƙafata.

Na gode, Allah ya ƙara girma. Wassalam.

Naku,
wani tsohon leburan jirgin mamari